Mudu Uku a Ƙarƙashin Tabarmar Inna

Shekarar da zan ba ku labari ban san lambarta ba, ban kuma taɓa buƙatar sani ba. Damina ce ta biyu bayan soja sun karɓe mulki daga hannun farar hula, shekara guda bayan canjin kuɗin nan da ya sa tsofaffi suka yi ta kwance ƙullin bakin zane. Lokacin gwamnati tana Legas tukuna, Abujan nan kuwa jar ƙasa ce da tifofi da 'yan lebura. Hadiza tana bayana ban yaye ta ba. Sa'adu, autana, ko cikinsa ban ɗauka ba.

Sa'adun ne ya jawo maganar. Yana aiki a ma'aikatar gwamnati, yana kuma da gona a hanyar Kuje wadda ya ɗora wa rai fiye da ofishin. An yi ruwa guda ɗaya bana da wuri, washegari ya kira mai tarakta, ya zuba irin masararsa duka a ƙasa. Yau kwana goma sha tara ke nan ko ɗigo. Yana dawowa daga aiki ba ya cire takalmi, sai ya tsaya a tsakar gida yana kallon gabas, ya kalli waya, ya sake kallon gabas. Wayar ta ce masa jibi. Tun makon jiya take cewa jibi. Shekaranjiya ya tambaye ni yadda na gani, na ɗaga kai na shaƙi iska, na ce masa da saura. Na san wannan zafin, na san kuma wannan shirun da tsuntsaye ke yi da rana. Na taɓa zama a cikinsa.

Mu mutanen arewa da Gumel ne, dab da iyaka. A can damina wata uku ce in an yi sa'a, saboda haka ruwan fari ba a yi masa jinkiri. Ko biki ake yi, aka ji ya sauka, watsewa ake. Da safe maza su ɗauki sungumi suna sara ramuka, mata na biye da ƙwaryar iri, ki tsunkulo ki jefa ki rufe da dunduniya, ba tsayawa. Wanda ya makara kwana uku, geronsa ba zai kai ba ruwa zai ɗauke. Da wannan aka haife mu, da shi muka tashi.

Damina biyu a jere gero ya kai ga fitar da kai ya ƙone a tsaye. Awaki suka ƙare, rijiya ta koma laka. Yara biyu na binne a can, Hadiza kaɗai ta rage min. Sai mu gida uku muka hau bayan babbar mota muka yo kudu, don an ce ana gina sabon birni, kuma ruwa ba ya yankewa a ƙasar. Malam, maigidana, bai ɗauko komai mai daraja ba sai taikin fata guda da irin geronmu a ciki, zaɓaɓɓun zangarniyoyin da aka sussuke tun shekarar da aka yi albarka ta ƙarshe. Inna, mahaifiyarsa, a kan taikin nan ta zauna tun daga gida har muka sauka. Ko fitsari za ta yi sai na hau na zauna mata.

Mai garin wani ƙauye tsakanin Kuje da Sheda ya ba mu fili a bakin wani rafi da ya ƙafe. Yanzu wurin duk katanga ce da waya, ko ni sai an nuna min. Muka yi bukkoki, muka yi sassabe, muka ƙone. Ƙasar ja ce mai nauyi, ba irin yashinmu ba. Maƙwabciyar gonarmu wata Bagwariya ce, Ladi, jikokina sun ce yanzu Gbagyi ake cewa. A kafaɗa take ɗaukar kaya, ba ta taɓa ɗora ko ƙwarya a ka ba, kuma tun ranar farko "kai" take ce min. Na gyara mata har na gaji, ta ce kunnenta bai ji bambanci ba.

Bazara ba ta ko yi nisa ba, wata rana bayan la'asar hadari ya taso ta bayan duwatsu, ruwa ya sauko. Ƙamshin ƙasar nan da ya tashi, na ga maza manya suna share ido. Malam ya tona da hannu, ya tarar da laima har wuyan hannu. A garinmu wannan ruwan shuka ne, ba gardama.

Da sassafe muna cikin gona Ladi ta iso da itace a kafaɗa. Ta tsaya ta dube mu, ta ajiye itacen.

"Mama Hadiza, me kai ke yi?"

Na ce shuka.

"Wannan ruwa ba na shuka ba ne. Na wanke ganye ne. Zai tafi, ya daɗe. Kai bari shinge ya fito daga suri tukuna."

Na je na gaya wa Malam. Ya yi dariya, ya ce mu da muka rasa damina biyu, yau Allah ya jiƙa mana ƙasa, sai mu naɗe hannu mu jira ƙwaro ya yi fiffike? Sauran mazan suka taya shi, ɗaya ya ce ai mai ɗaukar kaya a kafaɗa komai nata a karkace yake. Kada ku ɗauka Malam mutum ne mai taurin kai. Tsoro ne. Abin da ya gani a can ya hana shi iya kallon jiƙaƙƙiyar ƙasa yana zaune.

Ni kuwa ba maganar Ladi ce ta tsaya min ba. Na miƙe na duba gonakin da ke kewaye, tun daga bakin rafi har gindin dutse, ban ga ɗan ƙasar ko ɗaya da iri a hannu ba. Suna gindin mangwaro suna gyaran ƙotar fartanya, suna kallonmu. Mutanen da kakanninsu suka ci daga ƙasar nan suna zaune, mu baƙin jiya muna gudu.

Ban yi musu ba, a zamaninmu ba a yi. Abin da na yi shi ne na rage hannu. A gida tsunkule guda ake jefawa a rami, ƙwaya goma ko fi, daga baya a cire. Ni sai na koma jefa uku, huɗu. In muka kai ƙarshen layi Malam ya juya baya, sai in juye abin da ya rage a wata jakar tsumma da na cusa tsakanin bayana da cikin Hadiza. Kwana uku muna shuka, kwana uku yarinyar nan tana kwance a kan gero ba ta sani ba. Da aka karkaɗe taiki, ina da mudu uku.

Da rana tsaka, maza suna gona, na cuɗe shi da toka saboda ƙwari, na zuba a tulu, na liƙe bakin da yumɓu. Bukkar Inna na zaɓa, don ba namijin da ke shiga. Ina cikin tona sai ga inuwarta a bakin ƙofa. Ta tsaya har na gama binnewa na daddale wurin. Ta jawo tabarmarta ta shimfiɗa a kai ta kwanta, kuma daga ranar ba ta sake kwana a wani wuri ba.

Kwana biyar shuka ta fito, kore shar. Gonakin sauran gidaje biyu sun yi cunkus, tamu kuwa tsilla-tsilla. Malam ya zagaya ya dawo ya ce, "Kande, hannunki ya koyi rowa a ƙasar mutane." Na ce masa tsuntsaye ne suka tone. Ƙarya na yi, ya kuma san tsuntsu ba ya tono a jere.

Daga nan sama ta rufe bakinta. Zafin nan ba irin namu ba ne mai bushewa, wani ne mai nauyi da ke zama a ƙirji, gumi ya jiƙa ki ko kina zaune a inuwa. Kullum bayan azahar hadari zai haɗo ta gabas, ya yi baƙi ƙirin, a ji tsawa can nesa, mu kwashe shanya mu jera tukwane. Sai wata iska mai zafi ta taso ta kore shi, rana ta sake fitowa ja. Ganyen gero ya fara naɗewa da tsakar rana yana buɗewa da yamma. Daga baya ya daina buɗewa. Maza suka fita roƙon ruwa sau biyu da riguna a juye. Wata safiya na ga Malam ya tsuguna ya tsinko shuka guda ya murza, ta zama gari a yatsunsa. Ya daɗe a tsugune. Bayan kwana biyu ya bi sauran mazan cikin birni neman lebura.

Ba kullum ake samu ba, don duk wanda fari ya koro nan ya nufo. Wani makon ya dawo da ƙullin garin rogo, wani makon ya dawo da siminti a gashin ido kawai. Mu mata muka shiga namu. Da asuba mu tona yashin rafi mu jira ruwa ya tsattsafo, mu ɗiba da ludayi. Hantsi ya yi mu bi Ladi daji, ita ta nuna mana ɗorawa, mu kaɗo mu fasa mu dama garin nan rawaya da ruwa. Ɓawon doyar da take ba mu mu shanya mu daka mu tuƙa. Ɗanyen mangwaro mu dafa shi da gishiri. Su ma mutanen ƙauyen rumbunsu ya kai gindi, don barar ba ta yi musu kyau ba. Abin da Ladi ta ba mu daga bakin 'ya'yanta ta cire.

Nonona ya ƙafe. Cikin Hadiza ya ƙi garin ɗorawar, duk abin da ta sha sai ya wuce. Gashinta ya yi ja ya yi laushi, ƙafafunta suka kumbura, in na danna da yatsa sai ramin ya zauna. Da farko kuka take yi yini guda. Ranar da ta daina kukan, ta koma bin mutum da ido kawai, ita ce ranar da na fi jin tsoro, don na ga irin kallon nan sau biyu a baya.

Ni kuwa na san lissafin da ke ƙarƙashin tabarmar Inna. Mudu uku, in kunu za a dama wa yarinya ita kaɗai, zai kai ta kwana ashirin. In kuwa ya shiga ƙasa a kan ruwan gaske, kwana saba'in ya nuna. Dawar mutanen nan sai ta ci wata shida, ba za mu kai ba. Geron kasuwa ba mu da abin saye, ba mu kuma san irinsa ba. Namu ne kaɗai mai sauri, don ƙasar da ba ta da ruwa ce ta koya masa. Irin da su Sa'adu ke saye yanzu a leda an shafe shi da jan magani, ko yunwa za ta kashe mutum ba ya ci. Da na fara ganinsa na ce wanda ya ƙirƙiro wannan ya hutar da mata.

Wata rana da azahar na kwantar da Hadiza a inuwa, na ɗauki fartanya na shiga bukkar Inna. Tana kwance a kan tabarmar, idonta biyu.

"Inna, ki ɗan matsa."

"In matsa ki yi me?"

"Ludayi ɗaya zan ɗiba. Kunu kawai."

"In kika fasa yumɓun nan yau, gobe ma za ki ɗiba. Na san ki, na kuma san kaina. In na ji ƙamshinsa ni ma sha zan yi."

"Za ta mutu, Inna."

"Mai yiwuwa. Ke biyu kika binne, ni shida." Ta juya fuska ga zana. "Ba zan tashi ba, 'yar nan. In kina so ki ɗaga ni."

Na tsaya a kanta da fartanya a hannu. Ban san iya lokacin da na ɗauka ba, na dai ji kiran la'asar daga nesa ina tsaye. Daga nan na fita, na jingine fartanyar, na goya 'yata.

Tun daga ranar Inna ta ce azumin nafila take yi. Na Litinin da Alhamis ya koma na kullum. Rabonta na garin rogo ta jiƙa shi ya yi ruwa-ruwa ta ɗura wa Hadiza da yatsa, shi kaɗai cikin yarinyar ke riƙewa. Wata Bafulatana da ke ruga a bayan dutse ta kan ba ni ɗan nono a ƙoƙo in na yi mata daka, shanun ma ba su da shi sosai. Haka muka ja, yau a ce gobe, gobe a ce jibi.

Ruwan gaske da safe ya zo, ba da tsawa ba. Iska ce ta fara juyawa, ta yi sanyi, ta kawo warin danshi. Ya fara da hantsi bai ɗauke ba sai la'asar. Bayan kwana biyu ya sake. Da magariba sai ga shinge yana fitowa daga kowane suri, yana cika iska. Duk ƙauyen aka fito da ƙwarya da ruwa ana kamawa. Na soya na murje na sa wa Hadiza a baki, ta lasa, ta buɗe baki a ƙara mata. Washegari duk gonakin ƙasar suka cika da mutane, Ladi ta wuce ni da irinta tana cewa, "To Mama Hadiza, yanzu ne."

Mazanmu kuwa suna zaune a gindin bishiya, ƙasa jiƙe har gwiwar hannu, ba su da ƙwaya ɗaya. Suka yanke shawarar a bar noma, a tattara a koma wajen Karmo inda 'yan lebura ke kafa rumfuna. Malam ya shigo ya fara ɗaure tabarmi. Sai Inna ta kira shi daga bukkarta, muryar da kyar take fita.

"Zo ka ɗaga ni."

Ya ɗauke ta kamar yarinya ya fito da ita. Na shiga na tona. Da na fasa yumɓun na juye a faifai, na bushe tokar, gero ya fito fes, ko ƙwaro ɗaya babu. Malam ya dubi faifan, ya dubi ƙafafun Hadiza, sannan ya dube ni.

"Wannan yana nan duk kwanakin nan?"

"Yana nan."

Bai gode min ba, bai kuma zage ni ba. Ya kwance tabarmin da ya ɗaure, ya ɗauki sungumi. Har ya koma ga Allah bai sake ta da maganar ba, ni ma ban tayar ba.

Mudu uku ba ya rabuwa gida uku, sai aka haɗa gona ɗaya. Maza uku suna sara a gaba, ni kaɗai aka miƙa wa ƙwaryar. Mutumin nan da ya ce komai na Ladi a karkace yake, shi da bakinsa ya ce a bar Kande ta zuba, hannunta ya san awo. Uku-uku na jefa, ban zubar da ko ɗaya a gefen rami ba, kuma mudu ukun nan ya rufe fili har bakin rafi.

A nan muka ga abin da ba mu taɓa gani ba. Ruwa ya yi ta zuwa, bai gaji ba. Gero ya yi ta 'ya'ya, gindi ɗaya ya cika hannu biyu. Ciyawa ma haka, noma uku muka yi, mu da matan sauran gidajen muna cira da hannu a bayan maza, cikinmu ba komai sai tafasa da rama. Azumi ya same mu gero yana gwiwa. Ba mu ji wani bambanci ba, illa dai yanzu yunwar tana da lada. A goman ƙarshe Inna ta rasu, da hantsi, ruwa na sauka a kan bukka. Gero bai fitar da kai ba tukuna. Ba ta ga tumu ba.

Da ya nuna, cikin ruwa muka yanke shi, don a nan damina ba ta san geronmu ya gama ba. Muka rataye zangarniya a saman murhu hayaƙi ya busar, wani ya tsiro a dami, wani ya yi fumfuna, amma abin da ya tsira ya ishe mu. Ladi ta ce mu zuba wake a wurin tunda ruwa yana nan, muka zuba, ya yi. Girbi biyu a gona ɗaya, damina ɗaya. Ita kuma ta roƙi irin geron, ta ce ba ta taɓa ganin hatsin da ke isowa daidai lokacin da rumbunsu ke wayam ba. Na auna mata da hannuna. Shekaru da yawa a ƙauyen nan geron Kande ake ce masa, ku je ku tambaya.

Hadiza ta rayu. Kumburin ya sauka da kunun farko, amma ba ta taka ƙasa ba sai da ta shekara huɗu, kuma ba ta yi tsawo ba. Duk 'ya'yana dogaye ne kamar ubansu, ita kaɗai ce ba ta wuce kafaɗata ba, kuma har yau in damina ta yi sanyi ƙasusuwanta suna damunta.

Na sha ba da labarin nan a gidan biki da gidan suna, mata suna jinjina min, ni ma ina jin daɗi, don na san abin da na yi ba kowace mace za ta iya ba. In na zo wajen fartanya sai in ce Inna ce ta hana ni. Haka kowa ya sani. To, Inna a lokacin ba ta kai nauyin tulun ruwa ba. Da hannu ɗaya zan iya kawar da ita, ita ma ta sani, shi ya sa ta ce in ɗaga ta. Ba ta hana ni ba. Ni ce ban ɗaga ta ba.

Cikin waɗanda suka ga shekarar nan, Malam ya tafi, abokansa biyu sun tafi da matansu, Bafulatanar ban san inda ƙaura ta kai ta ba. Ladi tana nan wajen Sheda a gidan ɗanta, ido ya tafi, amma in na yi sallama takan ce, "Kai ne, Mama Hadiza?" Sai ni. Sai Hadiza, tana Karmo tana suyar ƙosai a bakin hanya, 'ya'yanta biyar. Duk wanda ya zauna kusa da kaskonta sai ta ba shi labarin kakarta mai taurin zuciya da uwarta da ta so cetonta. Ita ba ta yi karatu ba. 'Ya'yanta sun yi, su biyar ɗin, in wannan ya shiga takarda su za su karanta mata.